Zomaye uku aka nuna mana: wane iri ne kowanne, kuma wanne zai iya da zafin Yamai?

Tambaya daga wata uwa a unguwar Yantala: “Ɗiyata mai shekara tara ta matsa sai an kawo mata zomo, ba na ci ba, na zama cikin gida. An kwatanta mana wata mata a Harobanda da ke karɓar dabbobin da masu su suka bari, wasu don sun tashi daga gari, wasu don sun gaji da hidima. Mun je ta nuna mana zomaye uku. Na farko fari ne babba mai jajayen idanu, da ɗan duhu-duhu a hanci da kunnuwa. Wanda ya kawo shi ya ce mata Géant ne. Na biyu ƙarami ne, kunnuwansa sun zubo ƙasa, ga gashi buzu-buzu a wuya. Na uku ruwan ƙasa ne da farin zane a goshi, ita matar ta ce na gida ne kawai. Yarinya ta liƙe wa na biyun. Yaya zan gane irin kowanne, kuma wanne ya kamata mu ɗauka?”

Hajiya, barka da ƙoƙari. Bari in fara da inda za mu ƙare, don kada dogon bayani ya ɓoye miki amsa. Daga yadda kika kwatanta su, babu ko ɗaya cikin ukun nan da zan dafa in ce tsantsar iri ne, kuma wannan ba aibi ba ne. Na farko jinin Californien gare shi, wani irin zomon nama, ba Géant ba, wato irin ƙattin zomaye. Na biyu ruwa biyu ne, tsakanin masu zubabbun kunnuwa da masu geza. Na uku gauraye ne irin wanda ya cika gidajen masu kiwo a nan, wataƙila da ɗan jinin Hollandais, irin masu farin zane a fuska. In lafiyarsa ƙalau, na ukun zan ɗauka wa yarinya.

Duk zomon gida na duniya, daga ɗan mitsitsin da bai kai kilo ɗaya ba har ƙaton da ya doshi kilo goma, daga dabba guda suka fito, zomon ramuka na ƙasashen Sifen da Fotugal da kudancin Faransa. Mutane ne suka yi ta zaɓe suna haɗa wannan da wancan har aka samu ire-iren da ake gani yau. Ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka, ARBA, wadda aka kafa a 1910, ta amince da iri wajen 50, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, kuma ta lissafa sama da 300 a duniya baki ɗaya. A Amurka da Turai, masu kiwon tsantsar iri kan riƙe takardar da ta jero iyaye da kakanni har hawa uku, kuma dabbar tana ɗauke da shaida a jikinta: a Amurka da Faransa lamba ake tsaga wa da tawada cikin kunne, a Ingila zobe ake sa wa a ƙafar baya. Saboda haka in kin koma, ki ɗaga kunnen kowanne wajen haske ki duba cikinsa. In kin ga lambobi ko haruffa, to zomon ya taɓa zama hannun mai kiwo na gaske. Da wuya ki gani. Zomayen da ke hannunmu sun shigo ta hanyoyi barkatai, daga ƙasashen gaɓar teku, daga Najeriya, daga ayyukan raya karkara, an yi ta barin su suna barbarar juna shekara da shekaru ba mai rubuta komai. Kin san dai ba kowace jar akuya ce akuyar Maraɗi ba, duk da mai sayarwa zai rantse miki ita ce. Haka sunan Géant yake a bakin masu zomo: duk wanda ya ɗan fi ɗan’uwansa jiki ya zama Géant, kuɗinsa kuma ya hau.

To in sunan ba zai tabbata ba, mene ne amfanin dubawa? Amfaninsa shi ne kowace siffa da kika gani a jikin zomo tana gaya miki wani abu game da hidimar da ke gabanki, musamman a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Yawancin mutane da launi suke farawa, alhali launi shi ne mafi ƙarancin amfani. Ni da shekaru da nauyi nake farawa, sai kunne, sai gashi, sai fuska da haƙori, launi ya zo ƙarshe.

Kafin wannan, abu guda a taƙaice, saboda na ukun ruwan ƙasa ne. Wani lokaci yara kan kamo ɗan zomon daji su sayar. Wannan wata dabba ce daban, ba ta ma barbara da ta gida: kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki, 48 gare ta, ta gida 44. Ɗan na daji da gashinsa ake haihuwarsa, ido buɗe, shi kuwa na gida tsirara yake zuwa, ba ya buɗe ido sai wajen kwana goma. Na daji ƙafafun bayansa zara-zara ne, ƙarshen kunnensa baƙi, idonsa ruwan zuma, kuma ba ya sabo. A keji bugun kansa zai yi ta yi. Naku tunda yana da farin zane a goshi kuma yana zaune lafiya cikin ƴan’uwansa, na gida ne.

Yanzu nauyi. Ki tafi da kwali, ki sa zomon ciki, ki ɗora a sikelin mai shago, sannan ki cire nauyin kwalin. Amma lambar da kika samu ba ta da ma’ana sai kin san ko ya gama girma. Ƙananan iri kan tsaya wajen wata shida, matsakaita su ɗan zarce haka, manyan kuwa suna ci gaba da girma har bayan shekara. A namiji, maraina kan sauko tun yana wata uku ko kusa da haka. Tamata da ta manyanta, musamman a manyan iri, za ki ga wata naɗaɗɗiyar fata ƙarƙashin haɓarta. Ba kumburi ba ne, daga nan take tsige gashin shimfiɗa wa ƴaƴanta. Farcen yaro siriri ne mai tsini da laushi, na tsoho kauri gare shi, ya yi ɓawo-ɓawo. Bayan zomo ya wuce shekara ɗaya, ba wanda zai iya gaya miki shekarunsa daidai da ido kawai, ko likita ne. Sai dai a ce matashi ne ko ya kwana biyu.

In ya gama girma, lissafin kamar haka yake. Wanda bai wuce kilo ɗaya da ƴan kai ba, cikin dangin Nain yake, wato wadannin zomaye. Kilo biyu zuwa uku ƙananan iri ne. Daga uku da rabi zuwa biyar da rabi nan ne zomayen nama suke, su ne kuma mafi yawa a garin nan. Géant des Flandres na gaskiya, ɗan asalin Beljiyam, daga kilo shida yake farawa, jikinsa dogo ne, ƙashinsa manya, kunnuwansa a miƙe sun haura santimita 15. In farin nan naku kilo huɗu ne kuma ya shekara, maganar Géant ta ƙare. Sai dai ki riƙe cewa zomon da ya tashi cikin zafi ba ya ci sosai, don haka sau da yawa ba ya kai nauyin da littattafan Turai suka rubuta wa irinsa.

Akwai wata dabara da ake yi wa masu sayen zomon wasa, gara ki san ta ko da ba ta shafi matar nan ba. A ɗauko ɗan wata ɗaya daga zomayen nama, a ce miki Nain ne, ba zai ƙara girma ba. Bayan wata biyar sai ki tarar da kilo huɗu yana tona miki tsakar gida. Kunne ne ke tona asirin wannan ciniki. Nain na gaskiya kunnuwansa gajeru ne, wajen santimita biyar, kansa kewayayye, idanu dara-dara, wuya kamar babu. Ɗan babban iri kuwa tun yana ƙarami kunnuwansa sun riga jikinsa tsawo. Kuma ko wane iri ne, kada ki karɓi wanda bai kai sati takwas ba. Cikinsu bai ƙosa ba, zawo kaɗan ke tafiya da su.

Mu zo kan farin, domin labarinsa ya fi na sauran daɗin ji. Fararen zomaye masu jan ido iri biyu ne suka mamaye kiwon nama a duniya. Ɗaya shi ne Néo-Zélandais, fari fat daga hanci har wutsiya, kilo huɗu zuwa biyar da rabi. Duk da sunansa, a Amurka aka samar da shi, ba a Niyu Zilan ba. Ɗayan Californien, wanda wani mai kiwo George West ya haɗa a kudancin Kaliforniya cikin shekarun 1920. Shi ma fari ne mai jan ido, amma hanci da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya baƙaƙe ne. Abin da ya sa baƙin ya tsaya a waɗannan wurare kawai shi ne, sinadarin da ke haɗa launi a jikinsa ba ya aiki sai inda fata take da sanyi, kuma gaɓoɓin da suka yi nisa da tsakiyar jiki su ne suka fi sanyi. To ki kawo wannan dabba Yamai. Gashin da ya fito mata da bazara ba ya samun sanyin da zai yi baƙi, sai ya fito toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske, a ƙafafu ma ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya fito cikin ɗarin Disamba da Janairu kuma sai ya fi duhu. Zomo guda, hoton Mayu daban, na Janairu daban. Wannan duhu-duhun da kika gani a hanci da kunnuwa shi ne ya sa na ce jinin Californien ne. Ki ɗaga wutsiyarsa ki duba samanta, za ki iya tarar da sauran alamar a can. Akwai kuma zomayen nama da kamfanonin Faransa ke fitarwa da sunaye irin su Hyla da Hyplus da Hycole. Yawancinsu farare ne, wasu da irin wannan duhu a hanci, kuma ido ba ya raba su da waɗancan biyun. In wani ya kira miki ɗaya daga sunayen nan ba tare da takarda ba, ki ɗauka suna ne kawai.

Jan idon ba ciwo ba ne. Launi ne babu a cikin idon, shi ya sa ake hango jijiyoyin jini. Sai dai hasken rana mai ƙarfi yana damunsu, wasu kuma za ki ga suna ɗan kaɗa kai hagu da dama a hankali in suna kallon abu. Wannan ma ba cuta ba ce. Wanda kansa ya karkace gefe guda ya tsaya a haka, shi ne mara lafiya.

Sai na biyun, wanda ya sace zuciyar ɗiyarki, kuma ban ga laifinta ba. A nan zan daɗe.

Zomo ba ya gumi yadda mu muke yi, kuma haki da baki ba dabararsa ba ce kamar kare. Ranar da kika ga zomo ya buɗe baki yana numfashi, ya kusa tafiya. Babbar hanyarsa ta fitar da zafi ita ce kunne. In kin haska kunnen zomo za ki ga jijiyoyin jini sun bazu ko’ina. In zafi ya taso sai su buɗe, jini ya kwararo, iska ta ɗebe zafin, ya koma jiki da sanyi. Shi ya sa da rana tsaka za ki ga mai miƙaƙƙun kunnuwa ya miƙe ƙafa a inuwa ya baje su. Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 21. Daga 30 ya fara wahala, in ya haura 35 ba mafaka, mutuwa na kusa. Mai zubabbun kunnuwa, da suka kwanta a kan kumatu, ga su gajeru in ƙaramin iri ne, ya shigo wannan gwagwarmaya da rabin makami.

Masu irin wannan kunne da Faransanci Bélier ake ce musu, kuma su ma kashi-kashi ne. Bélier français ƙato ne, ya haura kilo huɗu da rabi. Bélier anglais shi ne mai kunnuwan da ke jan ƙasa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan santimita 53 ne mafi ƙaranci a ƙa’idar Amurka. Ƙaramin kuwa, wanda bai kai kilo biyu ba, wani mutumin Holan mai suna Adrian de Cock ne ya haɗa shi, aka amince da shi a can a 1964. Dukansu da miƙaƙƙun kunnuwa ake haihuwarsu, sai daga baya su zube, wani cikin ƴan makonni, wani sai ya yi watanni. In ruwa biyu ne, za ki iya ganin kunne ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko duka biyun a baje gefe-gefe, kuma yana iya zama haka har tsufansa. Amma ki lura: zomon da dā kunnuwansa a miƙe suke, sai ɗaya ya faɗi rana ɗaya, yana girgiza kai yana sosa, wannan ba iri ba ne, ciwo ne. Ki leƙa ciki. In kin ga ɓawo mai kauri ruwan ƙasa ya cika ramin, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani sosai. Ana warkewa da maganin likita, kuma ba a ɓamɓare ɓawon da hannu, domin fatar ƙarƙashinsa ɗanye ce.

Matsalar zubabben kunne ba ta tsaya kan zafi ba. Inda kunnen ya lanƙwashe, ramin ya matse, dauɗa ta taru, iska ba ta shiga. A 2019 masu bincike na kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College a Landan sun duba zomaye 30 a wani gidan ajiye dabbobin da aka yasar, 15 masu zubabbun kunnuwa, 15 masu miƙaƙƙu. Masu zubabbun sun fi samun matsattsen rami da tarin dauɗa da ciwon kunne, sun kuma fi samun matsalar haƙori. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da masu duba zomaye ke gani a hannu.

Gezar da ke wuyansa kuma daga irin da ake kira Tête de lion ta fito, mai kan zaki, wanda ya taso daga Beljiyam. Sai a 2014 ARBA ta amince da shi. Ƙwayar gadon gezar mai rinjaye ce, daga uwa kaɗai ko uba kaɗai ta isa ta bayyana, shi ya sa ake ganin ta a gauraye da yawa. Wanda ya gada daga gefe guda, sau da yawa gezar kan ragu in ya girma. Wanda ya gada daga duka biyu, gashin kan sauko har kwiɓi da cinyoyi. Ki shafa bayan naku. In gashin bayan gajere ne sumul, geza ce kawai, da sauƙi. In kuwa duk jikin ulu ne mai tsawo da yatsa ke nutsewa ciki, to akwai jinin Angora, zomon da ya samo sunansa daga birnin Ankara na Turkiyya, kuma wannan ba na ba kowa shawarar ya riƙe shi a Yamai. Ulunsa ba ya daina tsiro, sai an yi masa aski duk bayan wata uku, in an yi sakaci ya cure. Ƙarangiya guda ta shiga ciki, sai almakashi. Da damina in fitsari ko kashi ya jiƙa gashin gindi, ƙudaje su yi ƙwai, tsutsa ta fito cikin kwana ɗaya. Ga shi zomo lasar jikinsa yake yi kamar kyanwa amma ba ya iya amai, duk gashin da ya haɗiya sai dai ya bi ta hanji.

Akwai wani gashi da ya kamata ki sani ko da babu shi cikin ukun: na Rex, wanda ya ɓulla a Faransa a 1919. Gajere ne, a tsaye, laushinsa na karan-miski, gashin bakinsa kuma a murɗe. Tafin ƙafarsa ba ya da gashi mai kauri, don haka kejin da aka yi wa daɓe da ragar waya kan ci masa dunduniya.

Haƙori kada ki baro gidan matar nan ba ki duba ba, ga dukansu, musamman na biyun. A naɗe zomon cikin zane, mutum ɗaya ya riƙe, ke kuma ki ɗaga leɓen sama da yatsa. Haƙoran gaba na sama su ɗan rufe na ƙasa, bakinsu a daidaice. In na ƙasa sun fito gaba, ko na sama sun lanƙwashe sun nufi cikin baki, matsala ce ta har abada. Haƙori 28 gare shi, dukansu ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙara wajen milimita biyu a sati, gogar juna da taunar ciyawa ke rage su. In ba su haɗu daidai ba, sai an riƙa kai shi ana rage masa duk ƴan makonni. Masu gajeren fuska, wato Nain da ƙananan Bélier, su suka fi faɗawa wannan. Matauna na ciki ba za ki gan su ba, amma jiƙaƙƙiyar haɓa, ido mai hawaye, ko ƙullutu a muƙamuƙi suna ba da labarinsu.

Launi yanzu, da sauri. Ki hura gashin bayan na ukun: in ya buɗe kika ga zobba-zobba, toka a gindi, ruwan ƙasa a tsakiya, baƙi a kai, to launin kakanninsu na daji ne, kuma ana samunsa cikin iri da yawa. Hollandais na gaskiya kilo biyu ne zuwa biyu da rabi, farin ya taso daga hanci ya ratsa tsakanin idanu, ƙirji da kafaɗu da ƙafafun gaba farare, sannan launi ya fara a tsakiyar jiki kamar an ja layi. Naku da ke da zanen goshi kaɗai, ɗan abin da ya rage ne daga wani kaka. Ja mai ruwan lemo kan sa a ce Fauve de Bourgogne. Fari mai ɗigo-ɗigo da baƙin layi a gadon baya da tambari a hanci kan sa a ce Papillon. Argenté de Champagne ma baƙi ƙirin ake haihuwarsa, sai ya girma ya yi furfura. Wuri guda ne launi ke da muhimmanci ga lafiya: cikin masu ɗigo-ɗigo, wanda ya kusa zama fari fat, ɗigon kaɗan, tambarin hanci guntu, yakan gaji lalurar hanji. In kin ga irinsa, ki duba kashinsa. In manya ne masu tsawo, wasu da laushi, ba dunƙulallu iri ɗaya ba, ki bar shi.

Za ki karanta a intanet cewa iri kaza mai haƙuri ne, iri kaza mai son yara. Kada ki ɗora zaɓinki a kan wannan. Abin da zan iya cewa shi ne ƙananan sun fi firgita da zillo, matsakaita da manya sun fi natsuwa, amma cikin ciki guda ma sai ki samu mai lafiya da mai cizo. Ribar ɗaukar zomon da ya gama girma daga hannun irin matar nan ke nan: halinsa ya riga ya fito, girmansa ya tsaya, ba cinikin biri a sama. Ku je da yarinya, ta zauna a ƙasa shiru da ɗan ganye a hannu, a saki zomayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo ya shinshina ta, ya yarda ta shafa goshinsa, ya fi wanda ya fi kyau a hoto. Ki kuma gaya mata tun yanzu cewa zomo ba ya son a ɗauke shi sama. A wurinsa abin da ke ɗaga shi daga ƙasa shaho ne. Ƙashinsa marar nauyi ne, ƙafafun baya kuma ƙarfi gare su, harbi ɗaya a hannun yaro yana iya karya masa baya. Ɗauka da kunne da muka saba gani a kasuwa, a daina. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki.

Ki tambayi matar tun yaushe kowanne yake hannunta, ya taɓa yin bazara a garin nan ko kuwa daga ɗaki mai na’urar sanyaya iska ya fito, me yake ci, kuma namiji ne ko tamata. In tamata ce da ke zaune tare da maza, ki ɗauka tana da ciki har sai wata ya wuce, domin kwana 31 ne cikinsu. Tamatar da ba a cire wa mahaifa ba kuma takan kamu da kansar mahaifa in ta manyanta, don haka ki nemi likitan da ya saba yi wa zomo aiki, ba kowane ba. Zomon da aka kula da shi yana kai shekara 8 zuwa 12. Ɗiyarki tara gare ta. Ki lissafa wanda zai riƙa ba shi ciyawa ranar da ta tafi jami’a.

In yarinya ta kafe sai na biyun, ban ce haramun ba ne, amma da sharaɗi: haƙoransa su zama daidai, bayansa ba ulu, kuma kina da ɗaki mai sanyi da zai wuni ciki daga Maris zuwa saukar damina, ba keji ƙarƙashin kwano ba. Ki tanadi gorunan ruwa biyu ko uku a firiji su daskare, a naɗe ɗaya da tsumma a ajiye masa ya jingina, domin wuta ba ta da alƙawari a watannin da aka fi bukatarta. Daɓen siminti da aka yayyafa wa ruwa, ko gindin randa, suna taimako. In kin ga ya kwanta yana numfashi da sauri, kunnuwa sun yi zafi jau, ki shafa musu ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, kada ki tsoma shi cikin bokiti, ki nemi likita nan take. Kunnuwan kuma a riƙa ɗaga su ana dubawa kowane sati. Gaskiya ko na ukun ne, rabin wannan hidima tana nan. Bambancin shi ne shi yana da kunnuwan da za su taya ki.

Ko wanne kuka ɗauka, busasshiyar ciyawa ita ce abincinsa na farko, ta kasance gabansa dare da rana. Burgun bakin kogi da aka shanya ya bushe sarai yana yi. Harawar gyaɗa ko ta wake tana da kyau ga mai tasowa da mai shayarwa, amma ta yi wa babban zomon da ke zaune ƙarfi, a ba shi kaɗan. Karas da dusa ɗanɗano ne, ba tuwo ba. Kuma kada kowa ya ba shi amoksisilin ta baki, ko ya ɗiga masa maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fifronil. Duka biyun suna kashe zomo. Ranar ɗaukowa ku je da sassafe ko bayan magariba, da kwali mai huji-huji, kada a bar shi cikin mota a rufe ko na minti biyar. Ki roƙi matar ta ɗibar miki abincin da ya saba da shi na sati biyu, ki riƙa gauraya naki a hankali har ya koma kansa.